Ƙullin Leda a Kan Magarya

Gidan Injiniya Ja'afaru,
Ain Khaled, Doha.
Alhamis, 18 ga Mayu, 2006.

Zuwa ga Yaya Haulatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan, ya sa kaffara ce. Na ji an yi ruwan farko a Kazaure, Allah ya ba da damina mai albarka. Mu ma nan lafiya lau, sai zafi, irin wanda in ka buɗe ƙofa kamar ka leƙa tanda. Injiniya yana gaishe ku. Jikina da sauƙi sosai, laulayin ya lafa, ranar Litinin likita ta duba ta ce komai daidai yake, mun shiga wata na biyar. Ki ci gaba da sa mu a addu'a, Allah ya raba lafiya.

Malam Mudasiru, abokin aikin Injiniya, zai taho gida hutu jibi, shi zai kawo miki wannan takarda hannu da hannu. Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa alhali muna da waya. Wayar ce ta jawo mini abin da nake ciki, don haka na ce bari wannan karon in zauna in rubuta, ko hannu zai fi baki hankali. Zaman ma ya gagare ni. Wannan ita ce takarda ta uku da na fara tun safe, in rubuta layi biyu in tashi in leƙa taga, in dawo in yaga. Yaya, maganar da na gaya miki a kan Sa'adiyya ba gaskiya ba ce. Ba ta yi mini asiri ba, ba wanda ya yi mini. Ni ce na yi wauta, kuma wautar ta ci mutuncin baiwar Allah da na mahaifiyarta. Ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, don akwai aikin da zan ɗora miki.

Kin san yadda muke da Sa'adiyya. Ran da na sauka garin nan ban san gabas ba ban san yamma ba, ita ta zo mini da tuwo a kula, don kawai mahaifiyarta Hajiya Barira ta gaya mata 'yar Kazaure ta iso. A cikin gidaje arba'in da ke zagaye da katangar nan tamu, daga Turawa sai Larabawa sai Indiyawa, mu biyu ne kaɗai muke jin Hausa. Ita ta koya mini inda ake samun kuɓewa, ita ta kwana biyu a kaina a asibiti lokacin ɓarina na biyu. Shi ya sa da wannan cikin ya samu, na rantse ba wanda zai ji sai ya yi ƙwari, amma ita na gaya mata. Ko ke ban gaya miki ba a lokacin.

To, a ƙofar gidanmu akwai wata magarya. Gidan namu shi ne na ƙarshe a layi, daga shi sai ɗan filin ciyawa. Mako guda da gaya wa Sa'adiyya, na fito da hantsi sai na ga baƙar leda ƙarama, an ƙulle bakinta tam, an rataye a ƙayar magaryar. Ban kula ba. Washegari na ga wata. Rana ta uku na ga biyu. Yaya, ki sa kanki a matsayina. Mace ta yi ɓari sau biyu, miji yana can wurin aiki a teku sai bayan mako uku, ga ƙulli a baƙar leda kullum a ƙofar gida, kuma duk itatuwan unguwar ba a zaɓi ko ɗaya ba sai magarya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Na zauna na yi ta lissafin banza. Na ce Bature ina ya san ƙulli? Ba'indiye me na tare masa? Irin wannan ɗaurin sai hannun gida. Kuma hannun gida ɗaya ne a unguwar.

Duk da haka na yi ta korar shaiɗan, har ranar wata Laraba. Sa'adiyya takan zaga unguwa bayan sallar asuba saboda ciwon sukarinta. Na ɗaga labule da sassafe, sai ga ta tsaye a gindin magaryar da baƙar leda a hannu, tana waige-waige kamar mai gudun a gan ta. Ban fita ba, ban tambaye ta ba, ban ma jira in ga ratayewa take yi ko cirewa ba. Na saki labule na ɗauki waya na kira ki ina kuka. Sauran kin sani. Kin ce kada in buɗe, kada in zubar a shara, in riƙa yayyafa musu ruwan tofi har a ji daga bakin malamin Gwaggo Safura. Ban ga laifinki ba, abin da na ba ki shi kika yi aiki da shi.

Yanzu ki ji abin da 'yar'uwarki mai digiri ta yi. Na ɗauki awartakin da Injiniya ke juya nama a kan gawayi, kullum in ciro ledojin ɗaya bayan ɗaya, in jera su a kwali a bayan kicin, in rufe da tsohon zane. Safe da yamma ina tsaye a kansu ina karanta Falaƙi da Nasi ina tofawa. Sa'adiyya ta zo sau uku, ina jin sallamarta na yi lamo kamar ba kowa. Ta aiko da kunun tsamiya, na tuttular a makwarara. Muka haɗu a kantin unguwa ta rungume ni tana tambayar ko jikin ne, na zame na ce mata kowa ya yi nagari don kansa. Na ga fuskarta ta canza, ni kuwa a raina na ce ta tsargu. Bayan kamar kwana goma sai ta daina biyowa ta layinmu gaba ɗaya. Tun daga ranar ledojin suka ninka, wata rana huɗu, wata rana biyar. Na ce shi ke nan, ta ga na gane ta, ta ƙara wuta.

Zafin Doha ba ya rufa wa kowa asiri. Kafin Injiniya ya dawo, bayan kicin ɗina ba ya shiguwa, ni kuma ina cewa warin sihiri ne. Yana ajiye jaka ya tambaya ko ɓera ya mutu a gidan. Na kai shi gaban kwalin ina hawaye ina ba shi labari. Ya sa tsinke ya farke guda ɗaya, ya duba, ya dube ni, sai ya zauna a dandamali ya kama dariya har da riƙe ciki. Wai kashin kare ne. Kashin kare, Yaya! Wai Turawan unguwar in sun fito yawo da karnukansu, dokar gidajen ta ce kowa ya kwashe abin da karensa ya yi. To sai su kwashe a leda su ƙulle, amma maimakon su riƙe har gida, sai su rataye a ƙaya da sunan za su ɗauka in sun dawo, su bi ta wata hanya su manta. A da akwai kwandon shara a gindin magaryar, aka ɗauke shi kwanakin baya ban ma lura ba, su kuwa hannunsu ya riga ya saba da wurin. Kwana goma sha tara ina yi wa kashin kare tofi. Dariyar Injiniya ba ta tsaya ba sai da na gaya masa na kira gida, kuma na ambaci suna. Nan ya tashi ya ɗauki kwalin ya fita da shi. Ranar bai ci abincin dare ba.

Washegari na tsaya a taga don in gani da idona. Ƙarfe shida da rabi sai ga wani dogon Bature da gajeren wando, da karensa mai gashi kamar tunkiya. Karen ya tsuguna, mutumin ya sa hannu a leda ya kwashe, ya ƙulle da kyau kamar mai ƙulla gishirin sayarwa, ya rataye a magaryata, ya hango ni ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Ni dai har yau abin ya fi ƙarfin tunanina. In ka iya sunkuyawa ka kwashe da hannunka, ai ka gama mai wuyar. Me ya rage? Da ya bar shi a ƙasa, rana za ta busar, iska ta kwashe. Amma ya adana shi a leda yadda ba zai taɓa bushewa ba, ya rataye daidai fuskar mutane, ya tafi yana jin shi mai tsafta ne. Wannan ba tsafta ba ce, raba gari ne da ƙazanta a bar wa maƙwabci.

Abin da ya kamata in yi a ranar shi ne in sa mayafi in tafi gidan Sa'adiyya in durƙusa. Ban yi ba. Kunya ta hana ni, na ce gobe, goben ta zo na ce jibi. Fushi ya fi kunya sauƙin ɗauka, don haka na juye shi duka a kan masu karnuka. Na rubuta takarda da Turanci na manna a magarya, iska ta ɗauke. Na je ofishin manajan gidajen sau biyu, wani Balarabe mai fara'a, kullum sai ya ce mini insha Allahu za a dawo da kwandon, khalas, wato shi ke nan, in kwantar da hankalina. Ina ta kai da kawo kamar kazar da ke neman wurin ƙwai, ina yi wa Injiniya wa'azi a kan najasa da haƙƙin maƙwabtaka. Shi kuwa sai ya dube ni kawai ya ce haƙƙin maƙwabtaka kam yana da girma.

Ranar Asabar da ta wuce na buɗe ƙofa, sai ga baƙar leda a ƙulle, wannan karon ba a magarya ba, a jikin mariƙin ƙofata. Idona ya rufe. Na ce abin har ya kai a biyo ni gida? Na ɗauko awartaki na cafke ta, na taka har ofis a cikin ranar nan ina huci, ledar tana reto a gabana. Na tarar da manajan tare da wata Baturiya da na san tana da karnuka biyu. Na dire ledar a kan teburinsa, a kan takardunsa, na ce ya buɗe ya ga abin da mutanensa ke yi mana. Bawan Allah ya sa bakin biro ya ɓarka ta. Wari ya tashi. Baturiyar ta toshe hanci ta ja da baya tana rantsuwa wannan ba na karenta ba ne, karen da ya yi wannan ba shi da lafiya, a kai shi asibiti. Manajan ya ture ledar cikin kwandon da ke gefensa yana ba ni haƙuri.

Ni kuwa hancina ya riga ya gaya mini. Daddawa ce, Yaya. Daddawar Hajiya Barira, mai faɗin nan da take yi wa shaidar yatsa a tsakiya, wadda muke siyo wa Inna tun muna yara. Na durƙusa da cikina a gaban mutanen nan, na sa hannuna tsirara a kwandon shara na ciro ta, ni da na yi wata guda ban taɓa leda ba sai da awartaki. A ƙasan ƙullin akwai 'yar takarda da rubutun Sa'adiyya. Ta ce tun watan Maris da na ce ina kwaɗayin miyar kuka ta aika wa Hajiya a yi mini daddawa, sai yanzu aka samu mai tahowa. Ta ce saƙo amana ne, shi ya sa ta kawo, ba don ta dame ni ba. Ko gaisuwa babu, ko sa hannu babu. Na fito ina kuka rungume da ledar a ƙirji, Baturiyar tana kallona, na tabbata ta ɗauka na haukace.

Daga nan gidansu na wuce kai tsaye. Mijinta, Dakta Aminullahi, shi ya buɗe, ya tsaya a bakin ƙofa bai ce in shiga ba. Mutumin da kullum yake tsokanata da 'yar Kazaure ya gaishe ni kamar mara lafiyar da ta zo asibiti. Shi ya gaya mini sauran. Ashe Sa'adiyya ta san ko mene ne ledojin tun farko, don sun zauna a Ingila lokacin karatunsa. Da ta ga sun fara taruwa a ƙofata ga ni ina fama da amai, sai ta riƙa cire na masu yawon yamma kowace asuba tana kaiwa babban kwandon bakin get. Waɗanda nake gani na masu fitowa bayan ta wuce ne. Ba ta gaya mini ba don kada zuciyata ta tashi, kuma ta ce wannan ba abin da za a kai wa mai ciki a baki ba ne. Waige-waigen da na gani, kunya take ji kada a ga matar likita tana tsintar ƙazantar kare.

Ya kuma gaya mini abin da ke kika ɓoye mini. Ashe Gwaggo Safura ta tare Hajiya Barira a gidan suna, a gaban mata, ta ce ta ja wa 'yarta kunne ta cire hannunta daga cikin 'yar mutane. Tsohuwar ba ta ma san da wani ciki ba, don Sa'adiyya ba ta taɓa gaya mata ba. Ta riƙe mini sirrina har ga uwar da ta haife ta, ni kuwa da bakina na watsa shi a Kazaure haɗe da sunanta. Ya ce tun ranar Hajiya ba ta ƙara fita taro ba, kuma matan da ke aiko yara sayen daddawa sun ragu. Ya ce Sa'adiyya ta ce ta yafe don Allah, amma ba za ta iya ganina yanzu ba. Na koma sau biyu bayan nan, ina jin motsinta a ciki, ba a buɗe ba. Yadda na yi mata lamo haka aka yi mini, ban kuwa da bakin ƙorafi.

Magana zarar bunu ce, na sani, ba ta komawa. Amma inda aka ɓata a nan ake gyarawa, kuma ba a Doha aka ɓata ba. Ga roƙona. Ki ɗauki Gwaggo Safura, ko tana so ko ba ta so, ku je gidan Hajiya Barira da rana tsaka, ba da magariba ba lokacin da ba mai ganinku. Ki nemi matan da suka ji maganar a gidan sunan, duk wadda ta samu ta zo. Ki karanta musu wannan takarda da ƙarfi, kada ki tsallake ko layi ɗaya, har da kwalin, har da tofin, har da kwana goma sha taran. Na san Kazaure, za a yi shekara ana dariyata, yaran da ba a haifa ba ma sai sun ji labarin Sakinatu mai yi wa kashin kare addu'a. Na yarda. Gara a yi mini dariya da a ci gaba da nuna tsohuwar nan da baki. In Gwaggo ta fara cewa ai zato ne kawai aka yi, ki tuna mata zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wannan da ko ƙanshin gaskiya bai ji ba. Kuma ki sayi daddawa a wurin kafin ku fito, a gaban kowa.

Tawa tana nan a kicin, na sauya mata leda na sa a kwalba. Ƙanshinta yana tayar mini da kwaɗayi har yawuna ya tsinke, amma ban taɓa ba. Na yi alkawari ba za ta shiga tukunyata ba sai ranar da Sa'adiyya za ta zauna a tabarmata mu sa hannu a kwano ɗaya. Kwandon magarya har yau ba a dawo da shi ba. Yanzu ni ke fita bayan asuba ina cire ledojin, in zaga har layin su Sa'adiyya in cire na can. Injiniya ya ce in bari saboda jikina, na ce ya bar ni, zama ne ba na iyawa.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce ta yafe mini kunyar da na jawo mata. Ki gaishe da Malam, da Kawu Ismail da iyalinsa, da Hafiz da Zahra, ki ce su dage da karatu. Ki gaishe da Awawu, Allah ya raya abin da ta samu. Gwaggo Safura ma ina gaishe ta, ni na ɗora ta a kan wannan hanya. Hajiya Barira kuwa, ki durƙusa har ƙasa a madadina, ki ce 'yarta Sakinatu tana gaishe ta, in za ta karɓa. Da kun fito daga gidan ki kira ni ko ƙarfe nawa ne, ina nan ina jira. Allah ya bar zumunci, ya kare mu daga sharrin bakinmu.

Wassalam. Taki ƙanwa,
Sakinatu.

Ƙari, safiyar Juma'a, kafin in liƙe ambulan. Jiya da yamma da idona na ƙirga leda uku a magaryar, na ce sai da safe. Yau na idar da sallah na fito da awartakina, na tarar ba ko ɗaya. Masu shara ba sa aiki ranar Juma'a, Injiniya kuma bai dawo daga masallaci ba. Ban ga kowa a layin ba, sai sawun takalmi a jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya nufi bakin get. Sa'adiyya ba ta yi mini magana ba tukuna, Yaya, amma zuciyata ta ba ni sawunta ne. Don Allah ku je da wuri.